Abin da Markus Bai Goge Ba



Mu da muke zuwa kasuwar Wudil daga Indabo ranar Juma'a mun saba da lasifikar masu tallar magani. Kowa nasa ya warkar da jama'a, ba ka taɓa jin labarin wanda ya sha bai samu sauƙi ba. Abin takaici, alƙalumanmu sun fara kwaikwayon wannan murya. In za mu rubuta labarin malami ko mai magani, sai mu jera nasarori, mu goge sauran.

Shi ya sa yau muka leƙa inda yawancinmu ba mu saba leƙawa ba, wato Linjilar Markus da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista. Cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito a 1932, da ƙoƙarin Dakta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya, da abokan aikinsa. Muhawarar aƙida ba ita ta kawo mu ba, aikin marubuci muke dubawa.

A babi na 1, Yesu, wato Annabi Isa (AS) a wurin Musulmi, ya warkar da kuturu, ya gargaɗe shi kada ya faɗa wa kowa. A babi na 5 ya tashi 'yar Yayirus daga mutuwa, ya hana a baza labarin. A babi na 7 ma haka ya yi da wani kurma. Tun 1901, da Bajamushen masani William Wrede ya rubuta littafi a kan wannan sirri, ake tattauna dalilinsa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne halin marubucin. Markus ya rubuta cewa kuturun bai bi umarnin ba, ya yi ta yaɗawa har shiga gari a fili ya gagari Yesu. A babi na 6 ya ce a garinsu marasa lafiya kaɗan kawai ya warkar, ya kuma yi mamakin rashin bangaskiyarsu. A babi na 8, makahon Betsaida bai gani sosai a taɓawar farko ba, mutane yake hange kamar itatuwa suna tafiya, sai a ta biyu ya washe. Mai talla da tuni ya yanke waɗannan wurare. Mai labarin ya bar su, kuma su ne suke sa mai karatu ya ji ba wayo ake yi masa ba.

To, ga iyakar da muke ganin ya kamata mu riƙe. Sakaya sunan mara lafiya rufin asiri ne, kuma mutunci ne. Ɓoye cewa bai warke ba cin amanar mai karatu ne. Wata baiwar Allah mai ciwon suga tana iya karanta labarinmu ta ajiye maganin asibiti, ta bi wanda muka kambama. Alhakin ba zai tsaya a kan mai lasifika kaɗai ba.

Aikin wannan mako: kowa ya ɗauko labarinsa ɗaya, ya nemo abin da ya goge don jaruminsa ya fito fes, ya mayar da shi, sannan ya kawo mana mu karanta tare.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka.