Ra'ayinmu: A bar waƙar Kirsimeti ta kwana lafiya a jihar Maraɗi

Da zarar watan Disamba ya kama, hatsi ya shiga rumbu, hunturu ya kankama, duk wanda ya ratsa kusa da majami'a a Tsibirin Gobir cikin gundumar Gidan Rumji, ko a ƙauyukan Agiye da Gazawa, zai ji samari da 'yan mata suna bitar waƙoƙin Kirsimeti, wadda wasu ke kira Nowel. Da Hausa ake rera su, da ganga da caki, matan zumunta na amshi suna buga bakin tulu.

Wannan sauti ba baƙo ba ne a yankin. 'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru suka buɗe tasha a Tsibiri. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Daga wannan tushe majami'ar EERN ta fito, ga kuma makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agiye, inda ake horar da masu wa'azi da Hausa. Masu waƙar nan 'ya'yan ƙasa ne, jikokin manoman da suka haƙa rijiyoyin garuruwan tare da kakanninmu.

Abin da waƙoƙin ke faɗa kuwa yana kusa da rayuwar mai sauraro: mace ta haihu a baƙon gari, ba masauki, aka kwantar da jariri a komin dabbobi, makiyaya masu gadin garke da dare su aka fara yi wa albishir. Yaron da ya yini yana kiwo a dajin Gazawa, idan ya rera wannan, sai ya ji cewa Allah bai manta da irinsa ba. Kiristoci na ce wa abin da ke biyo baya "kira". A wajen bita matashi ke koyon cika alkawarin lokaci, da karanta boko daga littafin waƙa, da tsayawa gaban jama'a ba tare da murya ta yi rawa ba. Daga nan wani ya nufi makarantar Agiye, wata ta kama aikin jinya, wani ya zama malamin makaranta. A yankin da ci-rani zuwa Aljeriya da Libiya da Nijeriya ke kwashe samari, duk abin da zai nuna wa matashi cewa yana da amfani a garinsu bai kamata a raina shi ba.

Musulmi da Kirista sun bambanta a aƙida kan Annabi Isa (AS), kowa ya san haka. Amma Musulmin da ya karanta Suratu Maryam ya san girman wannan haihuwa, kuma bambancin aƙida bai halatta wa kowa tsorata maƙwabcinsa ba.

Mun faɗi haka ne don ba mu manta ba. A watan Janairun 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, a watan Yunin 2019 aka cinna wa wata wuta a birnin Maraɗi. Ga kuma 'yan bindiga masu satar mutane da dabbobi da suka addabi ƙauyukan kan iyaka na Gidan Rumji tun shekarun baya, inda taron dare ya zama abin fargaba ga kowa. Kiristoci tsiraru ne ƙwarai a Nijar, shi ya sa kare su ke nuna ko dokar ƙasa na aiki da gaske. Ranar 25 ga Disamba ma ranar hutu ce a hukumance.

Don haka muna kira ga hukumomin gundumomin uku su tanadi jami'an tsaro a daren 24 da ranar 25, har a ƙananan ƙauyuka. Sarakuna da limamai su ja kunnen matasa tun kafin ranar. Ku kuma matasan majami'u, ku ɗauki salula ku naɗi muryoyin tsofaffin matan zumunta, domin waƙoƙi da yawa a ka suke, ba a takarda ba. 'Yan uwa da ke Legas, Abijan ko Faransa, idan za ku aiko da kuɗin biki, ku ware na wannan aiki.

Muna yi wa Kiristocin jihar Maraɗi barka da Kirsimeti. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.