"Awa Ɗaya Kacal": Lissafin Da Ake Cin Kuɗinmu Da Shi Tsakanin Jidda Da Madina

Duk lokacin da Umra ta matso sai mu riƙa jin wata magana daga bakin wasu ejan-ejan: "Ƙara kuɗi kaɗan a saka Hajiya a jirgi daga Jidda zuwa Madina, awa ɗaya ce kacal." Mu kuwa da son iyayenmu, sai mu biya ba tare da tambaya ba. To, a wannan makon mu zauna mu yi lissafi.

Ba ƙarya suka yi ba, rabin gaskiya suka faɗa. Daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda zuwa na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina kusan kilomita 350 ne a sama, kuma jirgi na cinye su cikin kimanin awa ɗaya. Amma Hajiya ba a filin jirgi take kwana ba, tana masauki a Makka, Makka kuwa ba ta da filin jirgin fasinja. Sai ta hau mota fiye da awa ɗaya zuwa Jidda, ta isa da wuri saboda awon kaya da bincike, ta zauna jiran kira. In an sauka ta jira jaka, ta sake neman mota zuwa cikin gari. Ku haɗa da kanku: awa ɗayar nan ta zama biyar ko shida, tsohuwa na jan ƙafa daga wannan layi zuwa wancan.

Abin da ba sa son ambata shi ne jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018. Layinsa kilomita 450 ne, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, yana tashi daga cikin Makka, ya bi ta Jidda, ya isa Madina cikin kusan awa biyu da rabi. Har tasha gare shi a filin jirgin Jidda. Wanda ya fi tsawon hanya shi ke riga isa, domin ana auna tafiya ne daga ƙofar masauki zuwa ƙofar masauki.

Wani zai ce jirgin ƙasan yana ƙayyade kaya, mu kuma an san mu da tsaraba. Haka ne. Wani zai ce wanda ya sauka Jidda daga Kano da tikitin da ya haɗa har Madina gara ya wuce abinsa ta sama. Wannan ma mun yarda. Ba gaba muke da jirgin sama ba. Abin da muka ƙi shi ne a sayar mana da lamba ɗaya a ɓoye sauran. Wanda ya tara kuɗi shekara da shekaru don ya samu 'yan kwanaki a Masallacin Annabi (SAW), bai kamata a cinye masa rabin yini da salloli biyu a ɗakin jira ba, kuma ya biya ƙari a kai.

Laifin ba na ejan kaɗai ba ne. Mu ma muna son a ce "ta jirgi aka kai su", ko da wahalar ta fi yawa.

Don haka kafin ku biya, ku tambaya: ƙarfe nawa za a bar masauki a Makka, ƙarfe nawa za a shiga ɗaki a Madina? In ya amsa da "awa ɗaya", ku maimaita tambayar. Waɗanda suka bi hanyoyin biyu, ku faɗa mana awa nawa kuka ci. Allah Ya karɓi ibadunmu.