Daga Fashaga Zuwa Dutsen Taka: Mota, Jirgin Ƙasa, Da Kuɗin Da Ba A Lissafawa

A gabashin Sudan, idan aka gama biki, inda ango ke burin kai amaryarsa sananne ne: Kasala, gindin duwatsun Taka da Totil. Kwana biyu ko uku, a sha gahawa a kan dutse, a ziyarci masallacin Khatmiyya, a zaga lambunan mangwaro da ayaba na bakin kogin Gash, a dawo. Hausawan Fashaga da ke zaune a gaɓar kogunan Atbara da Setit ma ba a bar su a baya ba. Amma da zarar an tayar da maganar tafiyar a majalisa, sai ta rabu biyu. Samari su ce a samo mota, dattawa su girgiza kai su ce da jirgin ƙasa na nan da ba a sha wannan wahala ba. Ni kuwa duka ɓangarorin biyu ina shakkar lissafinsu.

Mu fara da na dattawa. Gaskiya ne dogo ya ratsa ƙasar nan. Turawan Ingila sun kawo shi daga Haiya zuwa Kasala a 1924, ya iso Gadarif a 1928, ya haɗe da Sinnar a 1929, kuma Shuwak, hedikwatar Fashaga, tana da tasha a kansa. Sai dai an yi shekaru da yawa jirgin fasinja bai bi layin ba. Saboda haka wanda ya ce tikitin jirgi ya fi araha, yana kwatanta kuɗin man da za a biya gobe ne da tikitin da ba a sayarwa. A irin wannan gasa kullum jirgi ne zai ci, don abin da ba ya nan ba ya latti, ba ya lalacewa a daji.

To a ce ya dawo gobe. Dogon nan tun asali ba don masu yawon shan iska aka shimfiɗa shi ba. Audugar Gash ake son kaiwa Port Sudan, daga baya dawa da riɗin Gadarif suka biyo. Siriri ne, faɗinsa milimita 1,067, kuma kafin a daina amfani da shi ya riga ya tsufa. Abubuwa biyu suka karya masa ƙafa: kwaltar Khartoum zuwa Port Sudan da aka kammala a 1980, wadda ta bi ta Gadarif da Shuwak da Kasala kusan kafaɗa da kafaɗa da dogon, sai kuma rikicin Shugaba Numairi da ma'aikatan jirgin ƙasa a yajin aikin 1981, inda ya murƙushe ƙungiyarsu. Masu begen jirgi suna tuna arahar tikiti, suna mantawa da yinin da ake yi a tasha ana leƙen hanya. Suna kuma mantawa da cewa jirgi a Shuwak yake tsayawa. Mutumin Wad al-Hilew, ko na wani ƙauye a tsallaken kogi, dole sai ya biya mota kafin ya ga tashar. Ke nan mai shiga jirgi ma kuɗin mota bai bar shi ba.

Yanzu ga samari. Lissafinsu kullum daga mai yake farawa, a nan kuma yake ƙarewa. Daga Shuwak zuwa Kasala kilomita 150 ne da 'yan kai, ta Khashm al-Girba. Zuwa da dawowa, a ce 300. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta ci lita 30, a ƙara na zirga-zirga cikin gari. A takarda abin ba tsoro. To amma tun watan Yunin 2021 gwamnati ta janye tallafin mai, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023 darajar fam ke ta zubewa, har farashin da aka faɗa maka ranar sa lalle ba lallai ya kai ranar buɗar kai ba. Duk da haka mai shi ne ƙaramin abu a jerin.

Na farko da ba a lissafawa shi ne motar kanta. Mutum nawa ne a ƙauyukanmu ke da tasu? Galibi aro ne ko haya, kuma aron mota bashi ne da ba a rubuta ba. Kawu zai miƙa makulli yana murmushi: "Ɗana, je ka, Allah ya kiyaye hanya." Idan taya ta fashe a ramin da manyan motocin Port Sudan suka haƙa a kwalta, ko injin ya yi zafi, kawu ba zai ce a biya ba, kai kuma ba za ka iya ƙin biya ba. Idan haya ce, akwai abincin direba da makwancinsa na kwana uku, ga amarya a zaune da baƙon namiji a gaba tun daga ƙofar gida har gindin dutse.

Na biyu ita ce ƙasar da za a taka kafin a hau kwalta. Ƙasar Fashaga baƙar laka ce. Da rani tana tsagewa har ƙafar akuya ta faɗa, da damina kuwa, daga Yuni zuwa Oktoba, ruwa ɗaya ya isa ya mayar da ita danƙo. Ka taka sau uku, takalminka ya yi nauyin dutse, ka tsaya kana kankare shi da kara. A-kori-kurar da ta nutse a ciki sai tarakta, mai tarakta kuma ya san ba ka da wani zaɓi. Abin takaicin shi ne lokacin ne Kasala ta fi kyau: Gash ya kawo ruwa, gari ya yi sanyi, lambuna sun yi shar.

Na uku shi ne kwanakin da aka bari a gona. Ruwa na ɗaukewa, riɗi ya nuna, shi kuma riɗi ba ya jiran kowa. Idan aka makara wajen yanka, kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube a tsagar ƙasa, ba mai tsinto ta. Bayansa ga yankan dawa. Manomin da ya bar gona kwana uku a wannan tsakani, asararsa ta fi kuɗin mai da na tikiti a haɗe. Kwanakin da tafiyar ke da sauƙi a gaskiya 'yan kaɗan ne, bayan amfanin gona ya shiga buhu, kafin zafin bazara ya sauko.

Na huɗu yaƙi ne ya kawo shi. Shingayen bincike sun yawaita, kuma motar gida mai ɗauke da mutum biyu da akwati ta fi jan ido a kan bas ɗin da direbanta ke bin hanyar kullum. Takardar shaidar kowa, takardun mota, tambayar ina za ka da me za ka yi, kowane shinge yana cin mintunansa. A Kasala kuma, bayan da garin Wad Madani ya faɗi a Disambar 2023, mutanen da suka gudo sun cika gari, kuɗin ɗaki ya tashi. Wannan kuɗin, ko ta wace hanya ka zo, sai ka biya shi.

Wani zai ce to a tafi Arkawit, can a duwatsun Bahar Maliya, inda jirgi ke da tarihi: a zamanin Turawa a tashar Summit da ke kusa da Sinkat ake sauka a ƙarasa zuwa can. Amma wannan layin Atbara zuwa Port Sudan ne. Kafin mutumin Fashaga ya same shi a Haiya, ya wuce Kasala da kusan kilomita 350, duk a mota. Wanda ya yi wannan nisa don ya hau jirgi ɗan lokaci, sha'awa ya saya, kuma ya saye ta da tsada.

Kada a ɗauka ina cewa tafiyar ba ta cancanta ba. Wanda ya zauna a kan fā a Totil da la'asar, aka kawo masa jabana, ƙaramin tulun yumɓu mai zaren kaba a toshe a bakinsa don tace gahawa, da citta tana ƙamshi, aka ba shi ruwan rijiyar da ake cewa wanda ya sha sai ya dawo, ba zai yi nadamar zuwa ba. Abin da nake ƙi shi ne a yi gardama kan zaɓin da babu, a bar wanda yake akwai. Zaɓin gaske a Fashaga tsakanin motar da kai ke ɗauke da alhakinta ne da bas ɗin da wani ke ɗauke da nata. Ga mutum biyu, bas ta ci: kujera biyu, raksha a cikin gari, idan taya ta fashe ba taka ba ce. Mota ba ta fara biyan kanta sai an kai mutum biyar ko shida, ko akwai tsohuwa ko mai jego da ba za su jure sauka da hawa ba.

Jirgin kuwa, ina cikin masu son ya dawo, amma ba don angwaye ba. Ranar da buhunan riɗi suka koma kan dogo, manyan motoci za su ragu a kwalta, ramuka su ragu, kuɗin ɗaukar kaya ya sauka, manomi ya ga bambanci a aljihunsa. Kafin nan, mai shirin zuwa Kasala ya jira Janairu, ya sayar da riɗinsa, ya kira wani ɗan'uwa a can ya ji kuɗin ɗaki, sannan ya je tasha ya kama kujera biyu kusa da taga.