Sharhi: Wa Ke Raba Gardama Tsakanin Ɗan Caca Da Gidan Caca Na Intanet?

Idan za a iya tunawa, a ranar 22 ga watan Nuwamba na shekarar 2024 ne Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci a kan ƙarar da Jihar Legas da wasu jihohi suka shigar tun 2008, inda ta bayyana cewa Majalisar Ƙasa ba ta da hurumin yi wa jihohi doka a kan harkar caca. Dokar caca ta 2005, wadda a ƙarƙashinta aka kafa hukumar tarayya mai bai wa kamfanoni lasisi, ta koma ba ta aiki sai a Babban Birnin Tarayya. Tun daga wannan rana nauyin ya dawo wuyan jihohi, mai halattawa ta sa ido, mai haramtawa ta tsare haramcinta. To amma akwai wani ɓangare na lamarin da ba a cika tattaunawa a kansa ba, wato idan rigima ta tashi tsakanin wanda ya zuba kuɗinsa da kamfanin da ya karɓa, wa ke shiga tsakani, kuma wa ke ciyar da mai shiga tsakanin?

Ba muna wannan tambaya ba ne don mu wanke caca. Addinin Musulunci ya haramta ta ƙarara, dokokin Shari'a da jihohin Arewa suka fara aiki da su daga shekarar 2000 sun tanadi hukunci a kanta, kuma a 2024 Hukumar Hisbah ta Jihar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama. Sai dai shago ake garƙamewa da kwaɗo, wayar hannu kuwa tana aljihu. Matashin da ke ƙauye yana iya sayar da buhun masara da rana, ya je wurin mai POS a zuba masa kuɗin a asusu, kafin asuba sun tafi wata ƙasa.

Ga yadda rigimar kan faro. Mutum ya ga a fuskar wayarsa ya ci wani adadi, ya nemi a biya shi, sai a ce masa na'ura ce ta yi kuskure. Ko a ce kyautar da aka ba shi ranar da ya buɗe asusu tana da sharaɗin sai ya juya ta sau da yawa kafin ya taɓa ko kwabo. Ko kuma a buƙaci takardun shaida iri-iri, waɗanda ba wanda ya tambaye shi lokacin da yake zuba kuɗi. A duk waɗannan, kamfanin ne ya rubuta sharuɗɗan, shi ke riƙe da bayanan abin da na'ura ta yi, kuɗin ma suna hannunsa. Abin da ɗan caca ke da shi bai wuce hoton fuskar waya ba.

Birtaniya na daga cikin ƙasashen da suka daɗe da tsara wannan harka, don haka yana da kyau mu duba yadda abin yake a can. Ƙa'ida ta wajabta wa duk kamfanin da ke da lasisi ya saurari koke, in makonni 8 sun cika ba a daidaita ba, mai koken ya kai ga wata cibiyar sasantawa da aka amince da ita, ba tare da ya biya ko sisi ba. Fitacciya a cikinsu ita ce IBAS, wadda aka kafa a 1998. Akwai kuma eCOGRA, wadda kamfanonin wannan harka ne da kansu suka assasa ta a 2003. A takarda tsarin ya yi kyau ƙwarai. Amma tun da mai koke ba ya biya, ai dole wani ke biya, kuma wannan wanin shi ne kamfanin da ake ƙara. Bugu da ƙari, kamfanin ne ke zaɓen cibiyar da za a kai ƙararsa. Ba mu ce masu wannan aiki ba su da amana ba, suna yanke hukuncin da ba ya yi wa kamfanoni daɗi. Amma masu iya magana kan ce in baki ya ci, ido kan ji kunya, kuma ko da idon bai ji ba, wanda aka kayar ba zai yarda cewa bai ji ba. Hurumin cibiyoyin ma taƙaitacce ne, suna duba ko an bi sharuɗɗa ne, ba sa duba koken wanda ya ce an ga yana halaka dukiyarsa aka ƙyale shi. Wannan giɓi ne ya sa a 2023 gwamnatin ƙasar ta ba da shawarar a kafa ofishin sauraron koke mai cin gashin kansa, kuma wa'adin shekara guda da aka ɗibar wa aikin ya cika ba a buɗe shi ba.

Manyan rigingimu kotu suka dangana. A watan Janairu na 2018 wani mutum a Ingila ya ci sama da fam miliyan 1.7 a wasan karta na kamfanin Betfred. Kamfanin ya ce manhajar wasan ce ta samu tangarɗa, ya yi masa tayin fam 30,000, daga baya ya ƙara zuwa 60,000, bisa sharaɗin ya yi shiru da bakinsa. Ya ƙi. Sai a watan Afrilu na 2021 Babbar Kotu ta umarci a biya shi, tana mai cewa sharuɗɗan da kamfanin ya dogara da su ba su fito fili ba. Hakazalika a watan Maris na 2025 wata mata ta yi nasara a kan Paddy Power, wanda ya nuna mata ta ci sama da fam miliyan 1 amma ya biya ta kusan 20,000. Sai dai ba kullum ɗan caca ke nasara ba. A 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bai wa kamfanin Camelot gaskiya a kan wata mata da ke neman fam miliyan 1, aka ce fam 10 ne haƙƙinta, domin ƙa'idojin wasan sun fayyace yadda ake tantance nasara. A ganinmu wannan hukunci na uku ya fi sauran koyar da darasi: ana gane mai raba gardama na gaskiya ne idan ba wanda ya san inda hukuncinsa zai faɗa kafin a baje hujja. Kada kuma a manta, fiye da shekara uku na farkon ya yi yana jira, a ƙasar da ke da lauyoyi birjik.

Akwai wasu masu shiga tsakanin da ya kamata jama'a su yi hattara da su. Su ne shafukan intanet masu tallata gidajen caca, suna karɓar la'ada a kan duk wanda suka tura, sannan su buɗe sashen karɓar koke. Wani lokaci sukan taimaka a biya mutum, don kamfani na gudun ɓacin suna. Amma dillali ba ya zama alƙali a cinikin da yake da kamasho a ciki.

Idan haka abin yake a inda aka halatta aka kuma tsara, to ina ga namu matasan? Da yawa daga cikin gidajen cacar intanet lasisinsu daga nesa yake, kamar tsibirin Kurasao da ke yankin Karibiyan. Kotun Shari'a ba za ta tilasta a biya kuɗin caca ba, wanda ya kai irin wannan ƙara ma ya tona wa kansa asiri ne. Saboda haka rigimar ba ta kaiwa ga kamfani, gida take dawowa. Takan zo zauren mai unguwa ko fadar dagaci da wata fuska daban: yaron shago ya taɓa kuɗin ubangidansa, kuɗin adashi sun yi ɓatan dabo, ko ana jayayya da wanda ya buga wa wani caca da wayarsa.

A nan ne muke jan hankalin masu unguwanni, dagatai, hakimai da jami'an ƙananan hukumomi. Wajibi ne a raba abu biyu. Abin da mutum ke cewa ya ci a caca ba haƙƙi ba ne da za a zauna a ƙwato masa. Amma kuɗin amana, ko bashi, ko jarin wani da aka jefa a ciki, haƙƙin mai shi ne, kuma a kansa ya kamata zaman ya tsaya. A nemi bayanin shige da ficen kuɗi daga banki ko daga mai POS, kada a tsaya ga hoton waya ko rantsuwa kaɗai. Duk wanda ke da dangantaka da ɗaya ɓangaren, ko yake karɓar haya ko wani ihsani daga mai shagon da abin ya shafa, ya janye ya bar wa wani zaman. Inda kuma aka ga alamar damfara ko an sa ƙaramin yaro a ciki, wannan ya wuce sulhu, a miƙa shi ga 'yan sanda ko hukumar da abin ya shafa, tare da rubutaccen bayanin abin da kowa ya faɗa a gaban shaidu.