Waiwaye: Magagari da Ma'auni a Kakuri

Wanda ya san Kakuri ta Kaduna a shekarun 1970 da 1980 ya san jiniyar canjin aiki, ya kuma san yadda kekuna ke cika titi idan ma'aikata suka tashi. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, masana'antar makamai ta DICON ta zo a 1964, kamfanin Peugeot kuma ya soma haɗa motoci a 1975. Injuna ne ke aiki ba dare ba rana, kowane inji kuma yana buƙatar wanda zai kwance shi, ya gyara, ya mayar. Shi ya sa manyan masana'antu ke ɗaukar samari 'yan koyo suna horar da su da kansu, sannan su tura su jarrabawa. Wasu su zauna ta City and Guilds ta Landan, mafi yawa kuma su je gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, wanda kowa ya sani da Trade Test. Daga mataki na uku ake farawa, a hau na biyu, a ƙare a na ɗaya, kuma albashin mutum yana bin matakinsa.

A wata masana'anta ta wannan unguwa na yi nawa koyon. Mun shiga muna ɗokin a ɗora mu a kan manyan injuna, sai aka miƙa wa kowa guntun ƙarfe da magagari. Aikin shi ne a goge fuska ɗaya ta kwanta sumul, sannan a goge ta kusa da ita har su haɗu a kusurwa madaidaiciya. Makonni muka yi a kan wannan, tafin hannu ya yi bororo ya fashe ya zama kanta. Malaminmu, wani dattijo marar yawan magana, yakan karɓi ƙarfenka ya ɗora sukwaya a kai, ya ɗaga su sama wajen taga ya rufe ido ɗaya. In haske ya ɓullo tsakanin ƙarfen da sukwayar, ko da siririn zare ne, sai ya miƙo maka abinka ya ce, "Samari, rana tana wucewa ta nan. Koma." Wani lokaci ya shafa shuɗin fenti a kan wani shimfiɗaɗɗen teburin ƙarfe, ya murza aikinka a kai. Duk inda shuɗi ya kama, nan ne tudu, nan za ka ci da magagari.

A lokacin muna ganin wahalar da mu kawai ake yi. Ranar gwaji ce ta nuna mana dalili. An ba kowa takardar zane, da ƙarfe biyu, da sa'o'in da zai gama. Za a yanke ɗaya a fitar da harshe, a yanke ɗayan a fitar da gurbi, su shige juna ba girgiza ba dukan guduma. A gefen kowane awo an rubuta iyakar ƙari ko ragin da aka yarda da shi. Akwai wani abokin koyonmu da ya taso a garejin kawunsa, hannunsa ya fi na kowa sauri a cikinmu, kuma da ido yake gane girman noti daga nesa. Shi ya fara gamawa. Da mai gwaji ya sa ma'auni, sai aka tarar ya cinye ƙarfen ya wuce iyaka da abin da bai fi kaurin gashi biyu ba. Ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa. Ya faɗi, ya jira wani zagaye, kuma har yau ina ganin ya fi yawancinmu baiwa. Abin da ya rasa shi ne ɗabi'ar tsayawa ya auna bayan kowane 'yan goge-goge.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma gaskiya ne a kasuwar hatsi. A aikin inji kima ba ta isa. Kalifa mai kyau tana karanta 0.02 na milimita, maikiromita kuma 0.01. Ɗauki boris mai lamba 6204, irin wanda ake samu a ƙananan injuna da yawa: raminsa milimita 20 ne, faɗinsa na waje 47, kaurinsa 14. In aka fere sandar da zai hau ta rame kaɗan, boris zai riƙa wasa a kanta, inji ya yi ta ƙara har ya ci sandar. In ta yi ƙiba, sai a tura shi da guduma, ya ɗau zafi ya mutu cikin 'yan makonni, mai injin kuma ya ce jabun kaya aka sayar masa. Akwai ma abin da 'yan koyo ke yawan mantawa a ranar gwaji: ƙarfe mai zafi yana kumbura. Sandar da ta kai milimita 100, in zafinta ya ƙaru da digiri 50, takan ƙara kusan 0.06 na milimita. Wanda ya auna ta da zafinta, da ta huce zai ga awon ya sauka.

Yau Kakuri ba kamar da ba ce. KTL ta rufe a 2002, wasu masaƙun suka bi bayanta, ɗakunan koyon aikinsu suka tafi tare da su. Koyon ya koma Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da dubban garejoji da shagunan walda na gefen titi. Ba na raina waɗannan wurare ko kaɗan. Na ga injin casar shinkafa da aka ƙera a Panteka daga tarkacen ƙarfe, yana aiki yana ciyar da gidaje. Sai dai yaro yakan shekara biyar a hannun maigidansa, a yaye shi da walima da addu'a, bai taɓa riƙe takardar zane ba, kuma ba shi da wata shaida da wani kamfani zai karɓa.

Ƙofofin shaidar kuwa suna nan. Gwajin Ma'aikatar Ƙwadago bai mutu ba. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992 mai hedikwata a Benin, ita ke shirya jarrabawar kwalejojin fasaha. Asusun horar da ma'aikata na ITF yana aiki tun 1971. Hukumar NBTE da ke Kaduna ta kawo tsarin NSQ, inda mai tantancewa zai zo wurin aikinka ya tsaya yana kallo, ya yi maka tambayoyi, ya duba shaidar ayyukan da ka yi a baya. Da wannan tsari ne aka soma ba masu sana'a na Panteka takarda tare da haɗin gwiwar kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna.

Duk wanda zai shiga ɗaya daga cikin waɗannan, ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Haddar tsofaffin tambayoyi a makon ƙarshe ba ta koya wa hannu riƙe maikiromita. Ya sayi littafi, ya riƙa rubuta kowane aiki da ya yi: awon da aka nema, awon da ya samu, abin da ya lalace da dalilinsa, ya ɗauki hoto da wayarsa. Ya saba faɗin dalilin aikinsa da baki, domin mai gwaji zai tambaye shi me ya sa ya zaɓi wayar walda 6013 geji 12 a kan farantin nan marar kauri maimakon geji 10, kuma "haka Oga yake yi" ba amsa ba ce. Ya riƙa gwada kansa da agogo. Sannan ya kula da abin da ke kayar da gwanaye kafin a kai ga auna aikinsu: riga mai faɗin hannu kusa da inji mai juyawa, makullin da aka manta a bakin injin fere ƙarfe, gurza ƙarfe ba tabarau, silifas a ƙafa. Mai gwaji yana ganin ɗaya daga cikinsu zai iya tsayar da mutum nan take, kuma yana da gaskiya, domin na san masu yatsu tara.

Kirana ga iyayen gida ne, masu garejoji da shagunan ƙira. Yaran nan amana ce iyayensu suka ba ku. Kalifa ɗaya ba ta kai kuɗin walimar yaye ba. Ku saya, ku fito da ita daga aljihun tebur, ku bar yaro ya auna da hannunsa tun shekararsa ta farko. In lokacin rajistar gwaji ya zo, ku ba shi ranakun da zai shirya, ku raka shi ya yi rajista kafin ku yaye shi.