Kwalbar da Pogba ya sauke daga tebur ta biyo mu har gidan kallon ƙwallo

Ka tuna da bidiyon nan na Paul Pogba? Watan Yuni ne na 2021, a gasar cin kofin nahiyar Turai, Faransa ta ci Jamus 1-0 a birnin Munik. Pogba ya zo gaban 'yan jarida, ya tarar da koriyar kwalbar Heineken a kan tebur, ya ɗauke ta ya ajiye ƙasa bai ce uffan ba. A ranar kusan duk wanda na sani sai da ya ɗora shi a sitatus. Bayan kwana ɗaya sai masu gyara zance suka fito: ai kwalbar 0.0 ce, babu abin maye a ciki, me ya yi zafi? Aka yi ta musu kwana biyu, aka gaji, aka koma wani abin.

Ni musun bai bar ni ba, domin yanzu kwalbar nan tana ko'ina. Kana kallon Gasar Zakarun Turai tana zagaye filin. Kana kallon Firimiya, tun kakar 2024/25 Guinness ce giyar gasar, kuma ƙanwarta mai 0.0 na gefe. A makon jiya a gurup ɗinmu na aji wani ya tambaya, da gaske yake, wai mene ne bambancinta da Maltina? Mutum goma suka ba shi amsa, babu biyu da suka yi daidai. Mu da muke karantar aikin jarida ke nan fa.

To bari mu fara da abin da muke jin nauyin tambaya: yaya ma ake yin giyar? Sanin abu ba shan sa ba ne, kada ka tsorata.

Ana jiƙa hatsi har ya fara tsiro, a shanya, a niƙa, a dama da ruwan zafi. Tsiron nan shi ke juya garin ya koma zaƙi. Idan kin taɓa tsayawa kusa da mai yin kunun zaƙi kin ga wannan da idonki, don tsiron dawa ko na shinkafa da ake zubawa aikinsa ke nan. Daga nan hanya ta rabu. Mai giya zai tafasa ruwan zaƙin, ya zuba yis, ya bar shi kwanaki. Yis ya cinye zaƙin, ya fitar da iska da sinadarin da ke sa maye. Shi ke nan. Duk sauran bambancin da ƙasashe ke taƙama da shi, a kan hatsin da aka zaɓa ne, da irin yis ɗin, da zafi ko sanyin wurin da aka ajiye.

Jamusawa su ne sarakunan taƙamar. A 1516 masu mulkin Bavariya suka kafa doka cewa ba a yin giya sai da abu uku: ruwa, sha'ir, da wani fure mai ɗaci da ake kira hops. Ba a ambaci yis ba, don a lokacin ba a fahimci aikinsa ba. Ɗaya daga cikin dalilan dokar ma na ciki ne: a bar wa masu burodi alkama kada masu giya su tsadar da ita. Amma je ka duba kwalaben Jamus yau, za ka ga an buga 1516 a jiki kamar lambar yabo. Dokar farashi da rabon hatsi ta koma talla, ta shekara ɗari biyar tana sayar da kaya. Bikin Oktoberfest da kake gani a TikTok, mata na ɗauke da manyan kofuna cike da hannu, daga bikin auren yarima Ludwig ya samo asali a 1810. Yau mutane wajen miliyan shida ke zuwa duk shekara, kuma kamfanoni shida na Munik kaɗai aka yarda su sayar a ciki.

Mutanen Jamhuriyar Cek, waɗanda suka daɗe suna kan gaba a duniya wajen yawan abin da kowane mutum ke sha, su suka fito da ruwan ɗorawar nan mai haske a garin Pilsen a 1842. Kusan duk giyar da ke cikin koriyar kwalba a duniya jikarta ce. A Beljiyam kuwa akwai wadda masu zaman zuhudu na coci ke yi a gidajen ibadarsu, akwai kuma wata da ake kira lambic, wadda ba a zuba mata yis, sai a bar ruwan a buɗe cikin faffaɗan kwano ya kwana iska ta kawo nata. A 2016 UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin jerin gadon al'adun duniya. Ayilan ita ce mai baƙar, wadda ake soya sha'ir har ya yi duhu. Arthur Guinness ya karɓi hayar masana'antarsa a Dublin a 1759, hayar shekara 9,000, kan fam 45 a shekara. Wannan labarin hayar ma kamfanin bai gaji da ba da shi ba har gobe.

Na tsaya a kan ta Beljiyam da gangan. A bar ruwan hatsi a buɗe ya tsima da kansa, ai abin da matan da ke dafa burkutu a Filato da Binuwai da Taraba da kudancin Kaduna ke yi da jar dawa bai yi nisa da haka ba. Haka pito a arewacin Gana, dolo a Burkina Faso, bilbil a Kamaru da Cadi. Ilimin kusan ɗaya ne. Ɗaya tana da takardar UNESCO da masu yawon buɗe ido, ɗaya kuma sunanta ma zagi ne. Ba ina cewa a ɗaga burkutu ba ne, kada wani ya yanko nan ya kai Facebook. Abin da nake nuna maka shi ne, abin da ke sa kwalbar Turai ta yi maka kwarjini a allo ba a cikin kwalbar yake ba. Labarin da aka naɗe ta da shi ne, kuma akwai mutanen da albashinsu ke nan.

Yanzu ga amsar abokin ajinmu. Lemon malt irin su Maltina da Malta Guinness ruwan zaƙin nan ne na farko, aka ƙara masa sukari da kala da iska aka rufe, ba a bar yis ya yi aiki a kansa ba. Bai taɓa zama giya ba. Ita kuwa 0.0 ta manyan kamfanonin nan, dafa giya ake yi, a bar ta ta tsima, sannan a cire sinadarin mayen, ko ta hanyar tacewa ko ta ɗumamawa a hankali har ya fice. Shi ya sa ɗanɗanonta na giya ne, ƙamshinta na giya ne, kuma abin da suke alfahari da shi ke nan a tallarsu. Heineken da kansa ya ce tasa, wadda ta fito a 2017, ba ta wuce kashi 0.03 cikin ɗari na sinadarin ba. A wasu ƙasashen, kamar Jamus da Amurka, abin sha zai iya kaiwa kusa da kashi 0.5 kuma doka ta yarda a rubuta masa marar maye. Saboda haka rubutun gaban kwalba ba ya wadatarwa, sai ka juya bayanta.

Hukuncin sha na malamai ne, su za ka tambaya, kuma ka kai musu bayanin yadda ake yin ta daidai, ba jita-jitar WhatsApp ba. Abin da zan ƙara kawai, a 2019 da aka kai ta Maleshiya aka yi irin wannan cece-ku-ce, hukumar addinin ƙasar ta ce ba halal ba ce, kamfanin da kansa ya fito ya ce ga waɗanda ba Musulmi ba ya yi ta, masu shekara 21 zuwa sama. Ka lura da wannan shekarun. Lemo ne amma an sa masa iyakar shekaru?

Ɓangaren da ya fi damuna shi ne wanda muke karantawa a aji, wato talla. Faransa ta yi doka a 1991 da ta hana tallar barasa a talabijin da ɗaukar nauyin wasanni. Me kamfanoni suka yi? Gasar zari-ruga da a da ake kira Heineken Cup, a Faransa sai ta koma H Cup. A gasar Turai ta 2016 da aka yi a can, Carlsberg bai rubuta sunansa a allunan fili ba, kalmomin takensa kawai ya rubuta, da irin rubutunsa da koren launinsa, kowa kuma ya gane. Da Ayilan ta hana tallar barasa a cikin filin wasa daga 2021, sai aka ga sunan Guinness na nan daram a kan ciyawa, an ɗan liƙa masa 0.0 a gefe. A Katar ma, kwana biyu kafin a fara Kofin Duniya na 2022 aka sanar ba za a sayar da giya ga 'yan kallo a filayen wasa ba, amma Bud Zero ta zauna, sunan Budweiser ya ci gaba da haskawa.

Ka ga aikin da 0.0 ke yi ke nan. Duk ƙofar da aka rufe wa yayarta, ita tana wucewa, riƙe da suna ɗaya, tambari ɗaya, launi ɗaya. Yaron da ke zaune a benci a gidan kallo a Rijiyar Lemo ko Tudun Wada, ɗan shekara 13, ba ya karanta ƙananan lambobi. Jan tauraro yake gani a kan kore duk daren Talata da Laraba, daidai lokacin da zuciyarsa ta fi buɗewa, lokacin da ƙungiyarsa ta ci. Shekara biyar yana gani. Malaminmu na darasin talla yakan ce ba a roƙonka ka saya yau, so ake sunan ya zama ɗan gida a kanka.

Za ka ce mini, to ai ga wanda ke son barin shan giya wannan rahama ce. Gaskiya ne, ban musa ba. A Jamus ko Ingila, mutumin da ya saba kwalba huɗu a dare ya koma marar maye, hantarsa ta huta, ya tuƙa mota ya isa gida lafiya, ci gaba ne. Amma shi daga sama yake saukowa. Kai da ba ka taɓa sanin ɗanɗanon ba, tsanin nan ɗaya ne, sai dai ta ƙasa ka same shi. Abin da ya zama magani ga wancan, a wurinka koyon ɗanɗano ne da sabo da riƙe kwalbar a bainar jama'a.

Sai dai kada mu yi saurin wanke kanmu, don akwai inda zancen ke cizon mu ma. Malt ɗin da ake rabawa a kowane ɗaurin aure da walimar sauka, wa ke yin sa? Maltina ta Nigerian Breweries ce, masu Star, waɗanda suka fara cika kwalba a Legas a 1949 kuma suke da masana'anta a Kakuri ta Kaduna tun 1963. Fayrouz ma su ke yin ta a nan, asalinta daga Masar, daga kamfanin da Heineken ya saye a 2002. Malta Guinness kuwa sunanta ya faɗa maka gidansu, kuma Ikeja ce wuri na farko da Guinness ya gina masana'anta a wajen Ayilan da Birtaniya, a 1962. Sannan ga dawa. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, kamfanonin suka koma kan dawa, suka koyi sarrafa ta, har yau kuma suna amfani da ita. Ina aka fi noma dawa a Najeriya? Ka san amsar. Buhun da ya bar Dawanau a bayan tirela ba ya faɗa maka ko tuwo zai zama, ko malt, ko baƙar kwalba.

Ban kawo wannan don in ce kowa ya daina shan malt ba, ni ma akwai ɗaya a firjin ɗakinmu yanzu haka, idan abokin zamana bai riga ni ba. Na kawo ne don mu daina abin nan da muka iya: a yi ihu a kan bidiyon Pogba, a tura saƙon ƙarya wai an gano giya a cikin lemon kaza, amma ainihin yadda kuɗi da hatsi da talla ke zagayawa babu mai son dubawa. Wanda bai san bambancin malt da 0.0 ba, duk wanda ya fi shi baki zai juya shi, ko mai talla ne ko mai tsoratarwa.

Ku kuma masu mabiya, ku nake ji. Kai mai barkwanci a TikTok, ke mai tallar kaya a Instagram, ranar na zuwa da za a turo muku saƙo: lemo ne kawai, babu maye, ga kuɗi masu kauri, ɗan riƙe kwalbar za ki yi ki yi murmushi. Kafin ki amsa, ki duba kwalbar da kyau, ki rufe 0.0 ɗin da babban yatsanki, ki ga me ya rage. Abin da ya rage shi za ki tallata wa 'yan sakandaren da ke bin ki. Hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ya kamata ta ɗauki duk tallar da ke ɗauke da sunan giya da tambarinta a matsayin tallar giya, da sifili ko babu sifili, ta bi ƙa'idar lokaci da ta shekaru iri ɗaya. NAFDAC kuma ta tilasta a rubuta a gaban kwalba, da manyan baƙi, ko an tsima abin sannan aka tace, ko ba a taɓa tsima shi ba.

Bayan abin da Pogba ya yi, hukumar ƙwallon Turai ta fara tambayar 'yan wasa Musulmi ko suna so a ɗauke kwalbar kafin su zauna, kuma an ɗauke wa waɗanda suka nema. Kafin shi ma, a Kofin Duniya na 2018, golan Masar Mohamed El-Shenawy ya ƙi karɓar kyautar gwarzon wasa saboda sunan Budweiser da ke jikinta. Shi Pogba yana da hannun da zai kai tebur. Mu a gidan kallo allon na can sama an ɗaure shi da sarƙa, mai gidan kuma kuɗin shigarsa kawai ya sani. Ranar Talata idan ka je, ka ƙirga mini sau nawa tauraron ya bayyana kafin a tafi hutun rabin lokaci, ka kuma ƙirga yaran da ke zaune a bencin gaba.