Dukiyar Maraya Da Mai Riƙonta

 Ya ku malamai da attajirai masu karanta wannan fili, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, na kuwa ga gara in faɗe ta ko da waɗansu za su ce malami ya yi shisshigi cikin sha'anin kasuwa.

Wani bawan Allah mai sayar da yadi ya same ni a zaure bayan La'asar, cikin ƙarshen shekara ta 2024. Wansa ya rasu a 2022, ya bar 'ya'ya huɗu ƙanana, aka raba gado, rabon yaran ya kama naira miliyan ɗaya, aka danƙa masa riƙo. Mutumin kuwa mai tsoron Allah ne ƙwarai. Ya ƙulle kuɗin a akwati, da aka sake takardun naira a farkon 2023 ya sha layi ya zuba su a banki, daga nan bai ƙara taɓa ko kwabo ba. Ya ce mini, "Allah gafarta Malam, ga kuɗin nan cif yadda aka ba ni, amma abin da za su saya wa yaran yau bai kai rabin na ranar da na karɓa ba. Shin na ci amana?" Na ce masa, "Alhaji, kai ba ka ci ba, amma an ci a gabanka kana kallo."

Ga yadda aka ci. A farkon 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Cikin Yuni na shekarar aka sake wa naira linzami, kafin 2024 ta yi nisa dala ta wuce naira 1,500. Watau miliyan ɗin da ke daidai da dala dubu biyu da ɗoriya ya koma bai kai ɗari bakwai ba. Wanda zai ce ina ruwan maraya da dala, sai ya dubi kwanon awo: bisa lissafin hukumar ƙididdiga, abin da naira 100 ta saya a ƙarshen 2023, sai da naira 134 da 'yan kai aka same shi a ƙarshen 2024. Wannan kuwa rubu'in dukiya ke nan ya tafi cikin shekara guda, ba ɓarawo, ba gobara.

Malamai sun sani, cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Sayyidina Umar ya yi umurni a riƙa juya dukiyar marayu cikin ciniki don kada zakka ta cinye ta, an kuma kawo cewa Nana A'isha tana ba da dukiyar marayun da ke hannunta ga masu yin fatauci da ita. Ku duba fa. Zakka ɗaya ce cikin arba'in, ibada ce kuma mai lada, amma duk da haka aka ji wa maraya tsoronta. To, ina ga abin da ke ɗaukar goma cikin arba'in, ba kuwa lada? Saboda haka ni a ganina ajiye kuɗi kwance shekara da shekaru a wannan zamani ya fita daga babin tsantseni, ya kusa shiga babin sakaci, ko da niyyar mai ajiyar kyakkyawa ce.

Amma kada wani ya ji wannan ya zabura, domin ramin da ke ɗaya gefen ya fi zurfi. A 2016 aka zo da wani abu wai shi MMM, ana cewa ka zuba kuɗi cikin wata guda a ƙara maka talatin bisa ɗari, cikin Disamba na shekarar aka rufe ƙofa da dukiyar jama'a. Ba a daddara ba, sai ga CBEX mai alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ita ma ta kife cikin Afrilu na 2025. Sirrinsu duka ɗaya ne: ba saye, ba sayarwa, kuɗin wanda ya shigo yau a ke biyan wanda ya shigo jiya da su, ranar da masu shigowa suka ragu sai rumfa ta faɗi kan na baya. Abin da ya fi ba ni kunya, har da masu rawani cikin waɗanda suka jawo almajiransu da surukansu.

Alhali kuwa ma'aunin da zai tone asirin irin waɗannan yana cikin littattafan da mu ke karantarwa kullum. Ku buɗe babin ƙiradi cikin Risala ko Muhtasar. Mai dukiya ya ba da kuɗi tsaba, mai aiki ya juya su, riba a raba bisa kashin da aka ambata tun farko, rabi ko sulusi ko abin da suka yarda. Ba a yanka wa mai dukiya wani adadi tsayayye, ba a kuma ɗora wa mai aiki lamunin uwar kuɗi. In aka faɗi ba da sakaci ko ƙetare sharaɗi ba, mai dukiya ya yi hasarar kuɗinsa, mai aiki ya yi hasarar wahalarsa. Duk wanda ya ce maka riba tabbas ce, kaza kowane wata, uwar kuɗinka kuma ba abin da zai same ta, to ɗayan biyu ne: ko kuɗin ruwa ya ke ba ka ya sake musu suna, ko kuwa ƙarya ya ke yi. Tambaye shi abu uku kawai, me a ke saya, wa a ke sayar wa, ina rumbun ya ke in je in gani da idona. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. A bincika kuma ko yana da rajista wurin hukumar da ke kula da hannayen jari, domin dokar 2025 ta sa ɗauri kan masu wannan sana'a.

To, ina za a kai dukiyar? Ni ban yarda a tara ta wuri ɗaya ba, kowane iri ne wurin. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san yadda jarin shekara talatin ke zama toka kafin asuba. Zinariya ba ta haihuwa, amma tana tsare ƙima, iyayenmu mata sun riga mu gane wannan. Sai dai a sayi wadda ba ta da yawan aikin maƙeri, domin ladan ƙira ba ya dawowa ranar sayarwa, a biya hannu da hannu, a kuma yi shiru da bakin. Dabba tana haihuwa, amma tana ci, tana ciwo, ɓarayin shanu kuma sun rage mata albarka a wurare da yawa. Fili yana da kyau in takardarsa ta inganta, illarsa ba ya sayuwa da gaggawa ranar da yaro ya kwanta asibiti.

Akwai kuma sababbin ƙofofi da bai kamata malami ya rufe ido gare su ba tun bai bincika ba. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba da kuɗin ruwa ba, waɗansu kuma sun biyo bayansa. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko, na naira biliyan 100, na shekara bakwai, don gina hanyoyi, ana shiga da naira 10,000. Mai shiga yana da rabo cikin abin da aka gina, gwamnati tana biyansa haya, ta wancan karo kashi 16 da ɗoriya bisa ɗari a shekara. Akwai malaman da ke da magana kan siffarsa, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Ni dai abin da zan ƙara, hayar nan ba ta kamo tsadar 2024 ba, rage hasara ta yi. Amma rage hasara da kwantar da kuɗi ba ɗaya ba ne.

Ku kuma 'yan kasuwa da za a ba ƙiradi, akwai wani ruɗi da ke cin da yawa daga cikinku. Mutum ya sari bandir naira 50,000, ya sayar 60,000, ya ce ya ci ribar goma, ya kashe ta cikin biki. Ya koma sari ya tarar bandir ya kai 65,000. Wannan bai ci riba ba, uwar kuɗi ya yanka ya ci. A auna jari da yawan kayan da zai iya mayarwa kan kanta, kada a auna shi da yawan takardun da ke aljihu. Ko wajen zakka ma, ɗan kasuwa mai juya kaya kullum da farashin ranar ya ke yi musu ƙima. A kuma raba aljihun shago da na cefane, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ko da ajami ne bayan kwali.

Rubutun nan shi ne inda mu ke yawan faɗuwa. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma sai ka ga mahaddaci ya miƙa wa amininsa miliyoyi ba takarda, wai kunya. Ran da ɗayansu ya rasu sai magada su kwashi juna zuwa gaban alƙali, zumuncin shekara arba'in ya watse.

Mai yadin nan ya ce tsoronsa kada ya juya kuɗin su salwanta a ce ya biya. Na gaya masa wasiyyi amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta in ya bi hanyar da masu hankali ke bi, bai yi sakaci ba, sai dai ya nemi yardar alƙali tukuna don ya huta da zargi. Ya je ya samu. Ya kasa kuɗin uku: kashi ɗaya ya sayi zinariya, kashi ɗaya ya ba wani mai sayar da hatsi ƙiradi bisa rabi da rabi, kashi ɗaya ya bari kusa saboda makaranta da magani. Ni na rubuta takardar, liman da kawun yaran na wajen uwa suka sa hannu, aka yi ta biyu, ɗaya tana wurin uwar marayun.